Takarda Ta Ce Auta Yana Hutu

Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Goggo da yara da aikin ofis. Na san za ka yi ta juya ambulan kana neman mai wannan hannu. Ni ce Tela, babbar 'yar Inna, yayar Auta. Rabona da kai tun ranar da aka kawo gawarsa, shekara uku ke nan babu kaɗan, ranar ma ba ka zauna ba, a tsaye ka yi mana gaisuwa ka juya. Na nemi lambarka na buga har na gaji. Inna ta ce in daina wahalar da kaina, kunnenka ya yi nauyi tun kuna yara, kai mutumin takarda ne. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro.

Mu nan lafiya, sai idon Inna. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama dishi-dishi. Abinci tana ci, baki kuwa ka san 'yar'uwarka, bai ragu ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kwanakin baya ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, Inna tana bakin ƙofar shago inda take wuni da rediyonta, sai na ji ta ce, "Ke, tsayar da ƙarfen nan." Na tsayar. Ashe sanarwa ake yi, wai an gina bangon dutse a hedikwatar sojoji, za a sassaƙa sunan duk sojan da ya rasu a bakin aiki, a buɗe shi nan da wata biyar a gaban iyalansu. Ta kashe rediyon, ta ce, "To, za su rubuta Auta. Ki kai ni in shafa." Tun ranar ba ta da wata hira. Mai kawo ɗinki, mai karɓar ɗinki, mai wucewa da ya yi kuskuren yin sallama, kowa sai ta gaya masa.

Shekaranjiya aka liƙa jerin sunayen a ofishin tsofaffin sojoji na garinmu. Shafi tara ne, a bayan gilashi. Na bi su da yatsa sau uku, Kawu, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, har mai gadi ya ce in bar ɓata musu gilashi. Babu Auta. Na shiga ciki, na sami wani yana ɓare gyaɗa a kan tebur. Ya ce, "Baiwar Allah, mu liƙawa kawai muke yi, daga sama ake aiko shi." Na ce ina ne sama? Ya ce ofishin ajiye bayanai. Na ce ai kuwa ina da kawu a sama.

Ban gaya wa Inna ba. Na ce mata ba a gama liƙawa ba.

Shekara goma sha ɗaya yaron nan ya yi yana tuƙa musu mota. A cikin tankar ruwansu ya mutu, da kakinsu a jikinsa, a kan hanyar kai wa sojojinsu ruwa. In wannan ba bakin aiki ba ne, ban san mene ne ba. Kai ka cika masa takardar shiga soja, a gidanka ya zauna wata shida kafin a ɗauke shi, kai yake kira Kawu Akawu yana dariya. Don Allah ka duba mana. Wataƙila wani ne ya tsallake layi.

Direban motar safe zai miƙa maka, shi zai dawo mini da amsa.

'Yarka,
Tela

* * *

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Laraba, na karanta, na kuma karanta wa Goggonki. Muna lafiya, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau benen ofis. Ki ce wa Inna mai nauyin kunne yana gaida mai kaifin baki. Maganar ido kuma kada ku yi wasa da ɗiga magani.

Allah ya jiƙan Auta. Ba na wuce ɗakin da ya zauna ban tuna shi ba. Har yau ƙusar da ya kafa yana rataya madubi tana nan.

Bari in yi miki bayanin yadda aikin yake, don ki rage jin haushin mai gyaɗa. Kwamiti ne na mutum biyar ke tantance sunaye. Mu akawuna namu ɗauko fayil daga kabad, mu kai, mu dawo da shi, mu buga abin da suka ce. Ƙa'idarsu shafi ɗaya ce. Ana rubuta wanda ya rasu a fagen daga, ko a haɗari, ko da ciwon da aiki ya jawo masa, muddin a ranar yana bakin aiki. Ba a rubuta wanda yake hutu, ko wanda ya bar wurin aikinsa ba izini, ko wanda ajali ya same shi yana cikin aikata laifi. Ba girma ake dubawa ba. Akwai masu dafa abinci a jerin, akwai masu wanki, har da wani mai busa ƙaho.

Jerin da kika gani ba shi ne na ƙarshe ba. An ba da wata uku don ƙorafi, bayan nan a miƙa wa masu sassaƙa, kuma in sun fara ba a komawa baya. Idan tsallake layi aka yi, aikin yini ɗaya ne, kuma ni ne mai bugawa. Zan ɗauko fayil ɗin in duba.

Ki ƙara haƙuri, kada ki yi gaggawar gaya wa Inna komai.

Kawunki

* * *

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka maka da alheri. Wallahi da na kai wurin da ka ce aikin yini ɗaya ne kuma kai ne mai bugawa, sai da na tashi na zaga shago. Ka ce kada in gaya wa Inna, to ka makara. Ita ta karɓi takardar daga hannun direba, ta zauna a kanta har sai da na yarda zan karanta mata. Na tsallake inda ya kamata in tsallake. Ta ce ka ci albarkacin wannan aiki, ta yafe maka tsokanar.

Yanzu haka ɗinki nake yi mata. Ta sa an buɗe akwati, ta zaɓi yadin da Auta ya kawo mata a zuwansa na ƙarshe, shuɗi mai ɗigo-ɗigo, wanda ta hana a taɓa. Ta ce in yi hammatar da faɗi, don ta iya ɗaga hannu idan sunan yana can sama. Kullum da safe tana zagaya tsakar gida sau goma da sanda, wai tana horar da ƙafa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a ƙa'idar nan taku, maganar hutu. Gaskiya ne ranar ce ya kamata ya taso gida. Na share ɗakinsa, Inna ta hana kowa zama a kujerarsa. Amma da hantsi ya bugo mini, ya ce, "Yaya, kada ku jira ni da rana. Ina bakin ƙofar bariki da jakata aka kira ni. Matar wani ce ke naƙuda, zan riƙe masa tanka zuwa azahar, in hau motar yamma." Na ce kai dai ba ka iya cewa a'a ba. Ya yi dariya ya kashe. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na gaya maka ne don ka san ba yawo ya tafi ba, aiki aka sa shi. Na tabbata yana cikin fayil.

A gaida Goggo.

Tela

* * *

Kawu,

Lafiya kuwa? Mako bakwai ke nan. Direba ya ce a hannunka ya sa takardata, ka cusa a aljihu, ka ce masa babu amsa yau. Kullum ya zo wucewa sai na fito bakin titi da tef ɗin awo a wuya kamar mahaukaciya, ya ɗaga mini hannu wayam.

Aikin yini ɗaya ne ka ce. In ciwo ne, ka sa Goggo ta rubuto layi biyu. In wani abu ka gani a fayil ɗin, faɗa mini, ni ba yarinya ba ce. An gama rigar Inna, an goge, tana rataye. Saura mako huɗu a rufe ƙorafi.

Tela

* * *

'Yata,

Sallama. Kina da gaskiyar yin fushi. Jikana ne aka kwantar a asibiti, ƙirji ya riƙe shi, kwana goma sha biyu muna zarya ni da Goggonki. Ya warware, alhamdu lillahi, har ya koma ɓarna. Ba ki san shi ba. Ɗan 'yata ta biyu ne, matar Bahago, sajen da ke kula da motoci a rundunar su Auta. Auta ne ma ya fara kawo Bahago gidan nan cin abinci, da haka ya ga yarinyar. Yaron zai cika shekara uku a watan gobe, amma in kin ji surutunsa sai ki ce biyar.

Na ɗauko fayil ɗin. Ba tsallake layi aka yi ba. Zan gaya miki abin da ke ciki kamar yadda yake, ki yi haƙuri da ni.

Takardar hutunsa ta fara aiki ƙarfe shida na safiyar ranar. Tanka ta fita ƙarfe tara da kwata. Ta kife a kwalbatin da ruwa ya cinye gindinsa wajen sha ɗaya da rabi. Ke nan a takarda, ya yi awa biyar da rabi yana hutu lokacin da abin ya faru. Wannan kaɗai ya isa.

Akwai na biyu. Kowace mota tana da littafin fita a ƙofa, direba ya rubuta sunansa da lambarsa ya sa hannu. Wanda yake hutu ba shi da ikon fitar da mota. A littafin ranar, sunan da aka rubuta ba na Auta ba ne, na wanda ke kan jadawalin tuƙi ne, amma hannun na Auta ne. Ni na koya masa cika takarda, na san yadda yake jan wutsiyar harafi. Kwamitin bincike na wancan lokaci ya rubuta cewa ya ɗauki mota ba izini, ya kuma sa hannu da sunan wani. Tunda ya rasu ba a yi maganar hukunci ba, shi ya sa ba a gaya muku ba. Amma rubutun yana nan, kuma da shi kwamitin bango ya yi aiki.

Abin da ya gaya miki a waya ba ya cikin fayil. Direbobi sun saba riƙe wa juna aiki haka, kowa ya sani, har manya sun sani, sai dai ba a rubutawa, ranar da abu ya lalace kuma a ce ba a taɓa ji ba. Ba a karɓar ƙorafi da maganar waya. Sai wanda ke gaba da shi a aiki ya rantse a rubuce cewa shi ya dawo da shi daga hutu ya ba shi makulli. Mai wannan rantsuwa kuwa ya amsa laifi biyu, barin wurin aiki da yi wa kwamiti ƙarya. Korarsa za a yi. Ban ga mai yi ba.

Ki lallaɓa Inna. Ki ce mata an ɗage, ko ki ce tafiyar ta yi mata nisa.

Kawunki

* * *

Kawu,

Na gaishe ka don an koya mini gaisuwa. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, shi ba ruwansa.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na rufe shago da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar da allurar keke ta huda mini farce. Wato ƙanena ɓarawon mota ne. Shekara uku yana kwance a kabad ɗinku da sunan ɓarawo mai sa hannun ƙarya, mu kuwa muna nan kamar sakarkaru ana ce mana ya rasu yana hidimar ƙasa.

Amma ba wannan ya hana ni cin abinci ba. Kai akawu ne, Kawu, shekara talatin kana rubuta suna da lamba da ƙarfe kaza da kwata. Ka gaya mini mintin da tanka ta fita. Ka gaya mini wutsiyar harafi. Sunan mutumin da ke kan jadawali ne kaɗai ya gagare ka, sai "sunan wani". Ni kuma aikina awo ne, in gaban riga ya fi baya tsawo ina gani. A watan gobe Auta zai cika shekara uku a ƙasa. A watan gobe jikanka zai cika shekara uku a duniya. Ubansa sajen motoci ne, yana gaba da Auta. Auta kuma ya ce mini matar wani ce ke naƙuda.

Ran nawa ga wata aka haifi yaron nan? Tambayata ke nan. Kada ka yi mini bayanin kwamiti, kada ka gaya mini ƙa'ida shafi nawa ce. Rana nake tambaya.

Yanzu na gane tsayuwar da ka yi ranar gaisuwa. Inna ta yi ta cewa a kawo maka wurin zama, ka ce mota na jira. Na ɗauka kuka kake ɓoyewa, har na ji tausayinka, kaicona.

In abin da nake zato ne, ba na neman a ɗaure kowa. Ko fuskar Bahagon nan ba na son gani. Layi uku nake so, da hannun nan nasa na hagu, ya ce shi ya kira shi daga bakin ƙofa. In ba zai iya ba, kai ka rubuta abin da ka sani. Kwana goma sha tara suka rage. Jiya Inna ta sa rigar ta gwada, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ya kai?" Na ce ya kai, na shige bayan labulen gwaji na cusa ƙyalle a baki.

Ina jira.

Tela

* * *

'Yata,

Sallama. Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san yadda na bar ki.

Rana ɗaya ce. An haife shi sha biyu saura, lokacin Auta kuwa kin sani.

Ina zaune a bencin asibiti Bahago ya shigo da kakinsa, yana haki. Ranar direbobi sun yi ƙaranci, shi da kansa ke kan jadawali. Na ce wa ka bar wa tanka? Ya ce, "Auta ya riƙe mini, na tare shi a ƙofa." Na ce Allah ya yi masa albarka. Da kunnen nan da kuke yi wa dariya na ji, ban rasa kalma ɗaya ba. Haihuwar ta zo da gardama, likita ya fito sau biyu yana neman miji ya sa hannu. Muna cikin murna aka bugo masa waya, na ga ya zauna a ƙasa.

A gaban kwamitin bincike ya ce ban ɗaki ya shiga, ya fito bai ga makulli ba. Manyansa sun san ƙarya ce, amma ta rufa wa kowa asiri, sai aka bar ta. Ni na buga ta a na'ura da yatsun nan, ban canja ko waƙafi ba.

Da takardarki ta zo na tafi bariki na same shi a gareji, na ja shi bayan wata babbar mota na karanta masa. Ya yi kuka har da majina, ya ce, "Baba, duk abin da ka ce in yi zan yi." Ki ji da kyau, don kada ki ɗora masa abin da ba nasa ba. Ya yarda zai rubuta. Na kai shi ofis, na ba shi takarda da biro. Ya rubuta kwanan wata. Sai na tuna ɗaki biyun da suke ciki a bariki, da yara uku, da 'yata da cikin na huɗu, da cewa ranar da aka kore shi ranar za a fitar musu da kaya bakin titi. Na zare takardar daga ƙarƙashin hannunsa. Ni na hana, ba shi ba.

Ba ni da hujjar da zan ba ki. Na duba wanda ya riga ya tafi, na duba masu numfashi, na zaɓi nawa. In na ce miki raina a kwance yake na yi ƙarya, in na ce zan canja shawara ma na yi ƙarya. Gara ki tsane ni a kan gaskiya.

Za ki ga a na'ura na buga wannan, ban kuma sa hannu ba. Kin san dalili.

Ga kati biyu na shiga wurin taron. Iyalan waɗanda ke cikin jerin kaɗai ake ba, na samo ne daga na wasu da ba za su zo ba. In kin ga dama ki yaga.

* * *

Kawu,

Muna lafiya. Na gaya wa direba kada ya sake karɓo mini takarda daga hannunka. Na rubuto ne don kai mai ajiye bayanai ne, ya kamata wannan ma ya shiga wani wuri.

Na kai ƙorafin saura kwana biyu a rufe. Wani hafsa ya karanta takardarka marar sa hannu, ya ce in na faɗi wanda ya rubuta za su buɗe bincike. Na buɗe baki, sai na hango a raina 'yarka da cikinta a bakin titi, yarinyar da rabona da ita tun tana goye. Na ce a ƙofar shago na tsince ta. Ya miƙo mini, ya ce in gaida gida. Ba don kai na yi ba, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Katin kuwa ban yaga ba. Sau uku na zauna gaban Inna zan gaya mata, sau uku tana riga ni da tambayar motar ƙarfe nawa za mu hau. Da ranar ta zo muka hau.

Ka gan mu, na sani. Na hango ka a bayan rumfar manya da fayil a hammata, ka juya kana gyara kujerar da ba ta karkace ba. Aka busa ƙaho, aka yi jawabi, aka janye ƙyallen da ya rufe bangon. Baƙin dutse ne mai sheƙi, ya fi shagona tsawo sau biyar. Aka ce iyalai su matso. Mutane suka yi ca a kai, kowa da yatsa a sama, wannan na kuka, wannan na ɗaukar hoto. Inna ta riƙe gwiwar hannuna ta ce, "Kai ni."

Na kai ta, Kawu. Na nemi inda babu cunkoso, can ƙarshen bango, daidai kafaɗarta, na zaɓi wani suna da ba wanda ya tsaya a gabansa. Na ɗauki hannunta na ɗora, na ce, "Ga shi, Inna." Ta bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, a hankali, ta dawo ta sake bi. Ta daɗe bakinta na motsi. Ba ta yi kuka ba. Wani soja ya kawo mata kujera, ta ce ya bar shi, ta gama. Na ce a raina na tsira, Allah ya yafe mini.

A mota ta jingina kai da taga har muka wuce rabin hanya. Na ɗauka barci take. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Sunan ya yi tsawo."

Na ce, "Inna, ai da lambarsa aka haɗa."

Ta ce, "Ke, ni ban yi makaranta ba, amma duk hutun da ya zo ni ke wanke masa kaki. Sunansa na yanka yana ɗinke a ƙirjin rigar. Na farkon a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, na sha cuɗa shi da sabulu. Wannan da miƙaƙƙen abu ya fara."

Na fara cewa, "Inna, ki tsaya ki ji," ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Wanda kika ɗora ni a kansa, akwai wanda ya zo masa?"

Na ce babu.

Ta ce, "To, na yi masa addu'a, shi ma wata ce ta haife shi." Da muka wuce wata gada ta ce, "Nawa fa? Me ya yi musu?"

Yau kwana shida da dawowarmu, ba ta ƙara fitowa bakin shago ba. Kullum da safe in na kai mata ruwa sai ta sake tambaya ta, me ya yi musu. Ni bakina ya ƙi faɗa. Kai ka buga, kai ka san kalmomin. Ka zo ka gaya mata da bakinka. Tana ɗakinta, ba ta zuwa ko'ina.

Tela